Taku Huɗu Daga Kakata

Kwanan baya aka zo aka kafa turaku a bayan gidana, aka ja igiya, aka ce nan za a yi rumfunan masu sayar da kifi. Ban yi gardama ba, filin ba nawa ba ne. Abin da ya hana ni sukuni shi ne kaburbura biyu da igiyar ta ratsa ta tsakaninsu. Ɗaya na Gwaggona ne, yayar mahaifina. Ɗayan kuwa duk garin nan sun san na Kakata ne, uwar da ta haife su. Har zuwa lokacin ni kaɗai na san abin da ke cikinsa, domin ni na sa shi da hannuna, kuma har matata ta koma ga Allah ban taɓa gaya mata ba.

Garinmu na asali yana ƙarƙashin ruwan Tiga. Yaran yanzu sukan wuce ta kansa a kwalekwale suna danna waya, in ka ce musu nan ne kasuwarmu, can ne masallaci, sai su leƙa ruwan su yi maka murmushin da ake yi wa tsoho. Ba na jin haushinsu. Su da injin niƙa suka tashi, mu kuwa dutse ne yake tashe mu. Kafin ladan ya gama kiran asuba za ka ji shi daga gida zuwa gida, gurr, gurr, mata suna niƙa suna waƙa ƙasa ƙasa, shanun Fulani suna kuka a bakin fadama. Ran Lahadi sai a ƙara da wani sauti daga hayin rafi, tsohon ƙarfen ƙafar mota da aka rataya a bishiya ana buga shi don kiran mutane coci. Kakanmu Bamaguje ne, a kan al'adar iyayensa ya mutu. Mahaifina ya musulunta tun yana saurayi, Gwaggo kuma ta yi aure a hayi, inda mutanen suka karɓi addinin Kirista. Rafi ne kawai tsakaninmu, rafin da ko da damina bai wuce gwiwa ba. Tana da tukunya guda da ta keɓe don mu, ba ta dafa komai a ciki sai in mun je.

Sana'ata haƙar rijiya ce, kuma ina da girman kai a kanta, ba zan ɓoye ba. Nakan tsaya a fili in dubi ciyawa da gidan tururuwa in ce a haƙa nan, a haƙa kuwa a sami ruwa. In an yi rasuwa ni ake nema don kabari. Saboda haka Gwaggo ta raɗa mini suna Gafiya, kuma ba ta taɓa kirana da sunan yanka ba, ko a gaban surukaina.

Ba ta iya karatu ba, amma abin da malamin cocinsu ya karanta musu sau ɗaya ya zauna a kanta. Abin da ya ba ni mamaki tun ina ƙarami shi ne, cikin duk labaran da take ji, na bayi da kamammu kawai take kawo mana. Takan ba mu labarin Bani Isra'ila a Masar, yadda aka sa su yin tubali aka hana su ciyawar kwaɓi, sai mahaifina, wanda magini ne, ya girgiza kai ya ce wannan mugunta ta kai, ginin ma ai ba zai tsaya ba. Takan ba mu na Babila, yadda aka ƙone birninsu aka kora su da ƙafa zuwa wata ƙasa, suka zauna a bakin kogin da ba nasu ba, waɗanda suka kamo su suna neman su yi musu waƙar gida don nishaɗi, su kuwa maƙogwaro ya ƙi buɗewa. Ta ce daga baya wani annabinsu ya aika musu cewa su gina gidaje, su yi shuka, su aurar da 'ya'yansu, domin zaman zai yi tsawo. Ta ce har yau Yahudawa suna da rana a shekara da suke cin ganye mai ɗaci don kada su manta an taɓa bautar da su. Wannan ya shiga ranta ƙwarai. Duk shekara in bikinsu na Ista ya matso sai ta dafa shuwaka ba tare da ta wanke ɗacin ba, ta bi mu da ludayi. Mukan gudu, takan kamo mu. In ka yamutsa fuska sai ta ce, "Haɗiye, ɗan nema. Kai loma ɗaya ka yi, wata shekara talatin ta yi tana haɗiya."

Uwarta take nufi. A zamanin hari aka kamo Kakata daga duwatsun kudu, can bayan Doguwa, tana yarinyar da ba ta gama famfara ba. A rafi aka same ta da tulu a ka. Ta bi hannu da hannu har ta faɗo gidan kakanmu, ta haifa masa 'ya'ya biyu. Sunan garinsu ya ɓace mata, harshensu ma ya zube kaɗan kaɗan, sai waƙa ɗaya da take yi a bakin dutsen niƙa, wadda ba mai jin ma'anarta. Gwaggo ta riƙe muryar waƙar, kalmomin sun tafi da mai su. Ba a hango duwatsun daga garinmu, amma an ce in Kakata ta gaji da niƙa takan miƙe ta riƙe ƙugu ta dubi wajen da suke. Ta rasu mahaifina yana goye, ni ban san ta ba sai a bakin Gwaggo.

Da labarin ruwa ya zo ba mu yarda ba. Dattawa suka ce ina aka taɓa ganin an tsare kogi. Sai ga manyan motoci, sai ga mutane da tutoci suna auna gonaki, sai aka nuna mana tudun da za mu koma, wato nan inda nake zaune. Lokacin mahaifina ya riga ya rasu, ni kuma ban daɗe da aure ba. Muka kwashe abin da zai kwasu. Aka cire azara daga ɗakuna, aka ɓalle ƙyamare, mata suka ɗauki duwatsun murhunsu kamar babu dutse a inda za mu. Tsofaffi da marasa lafiya aka fara kaiwa a mota, har da Gwaggo, wadda idonta ya riga ya rufe. Ɗanta guda ɗaya yana aikin soja a can kudu.

Bazara ta kama, ina cikin yaɓen ɗakina sai aka ce tana kirana. Na same ta a ƙarƙashin rumfar kara.

"Gafiya, matso inda zan ji numfashinka."

"Ga ni, Gwaggo."

"Na ji kun kwaso azara. Na ji har turmin nan mai tsaga an kawo. To, wa ya ɗauko Inna?"

Ba ta jira amsata ba. Ta ce, "Ka san Yusufu, ku ma kuna da shi. Da zai mutu a Masar sai da ya rantsar da danginsa, ran da Allah ya fitar da su kada su bar ƙasusuwansa. Shekaru suka wuce, ran fita kowa yana ta kansa, amma Musa bai tafi ba sai da ya ɗauko shi. Inna sau ɗaya aka raba ta da mutanenta tana kuka. Yanzu kuma mutanen da ta haifa ne za su tafi su bar ta a cikin ruwa?"

Na ce zan yi shawara. A raina na tabbata Liman zai hana, in huta. Na same shi yana gyaran dangarsa, na faɗa masa. Ya daɗe yana murza gemu, sannan ya ce in ruwa zai ci kabari babu laifi a ɗauke mai shi, kuma labarin Annabi Yusuf da ta faɗa shi ma ya taɓa jin irinsa wurin malamansa. "Kakarka ce," in ji shi. "Je ka, ka riƙe ta da mutunci." Haka ƙofar gudu ta rufe mini.

Gwaggo ta sa aka buɗe akwatinta aka ciro farin alawayyo, wanda ta daɗe tana ajiya don likkafaninta, ta ba ni. Na tambaye ta inda kabarin yake. Ta ce, "Gindin tsamiyar tsohon gidanmu. Kana so in kwatanta maka sosai?" Akwai mutane a wurin, har da 'yan mata. Na yi dariya na ce, "Haba Gwaggo, ni da nake jin ruwa a ƙarƙashin ƙasa, kabari ne zai ɓace mini?" Ita ma ta yi dariya. Na sha tuna wannan dariyar.

Na fita da sassafe ni kaɗai, domin duk wanda na nema sai ya tuna yana da wani aiki. Hantsi ya ɗaga na isa. Ban taɓa sanin gari yana iya yin shiru haka da rana tsaka ba. Katangu a tsaye babu rufi, kurciyoyi suna shiga ɗakunan da aka haife mu suna fita, wata 'yar ƙwarya tana birgima a lungu in iska ta taso. Na tsaya a gindin tsamiyar. Babu tudu, babu alama, shekaru sun share komai. Ban damu ba. Duk gawar da na taɓa sa wa a ƙasa, kanta kudu, fuskarta gabas. Na ce a raina ba wanda zai kwantar da mutum ya haɗa fuskarsa da kututture, saboda haka tana gabashin bishiyar. Ko kaɗan bai zo mini a rai ba cewa ba Musulmi ne suka binne ta ba. Na ja layi daga arewa zuwa kudu, na sa diga.

Mai haƙa yana gane ƙasar da aka taɓa buɗewa, ko bayan shekara nawa. Takan yi laushi, launinta a gauraye. Kafin ramin ya kai ƙuguna na san wannan ba a taɓa taɓa ta ba. Na matsa gabas na sake wani, na matsa arewa na yi na uku. Gumi ya shiga idona, tafin hannuna ya fashe. La'asar ta yi, iska ta fara kaɗa busassun 'ya'yan tsamiya a kaina, kuma wallahi abin da kunnena ya ji shi ne ƙarar dutsen niƙa, gurr, gurr, daga cikin gidan da ba kowa.  Na zauna a bakin rami na fara yi wa kaina wa'azi. Na ce shekara nawa, ai ta riga ta zama ƙasa, ƙasar nan da nake takawa ita ce. Na sare saiwoyin tsamiya da digata ta tono, na kankare su, na ɗebi ƙasa, na naɗe cikin likkafanin Gwaggo, na ɗaure da tabarma. Na ɗora a ka na kama hanya ban waiwaya ba.

Washegari da safe mutanen cocinsu suka taru, danginmu Musulmi ma suka zo suka tsaya daga gefe. Aka ajiye ƙunshin a gaban Gwaggo. Ta sa hannu tana shafa shi ta kan ƙyallen a hankali, har yatsunta suka tsaya a kan wata lanƙwasasshiyar saiwa. Sai ta ce, "Ga hannunta da ya karye a bakin rijiya. Bai taɓa miƙewa ba." Hawaye suna zuba daga idanun da ba sa gani, tana kiran Inna, Inna, tsohuwa mai furfura ta koma yarinya. Na ji kunya, amma na daure, ina gaya wa kaina na yi mata alheri.

Na riga na haƙa sabon kabarin tun da asuba. Aka riƙo ta zuwa bakinsa, ta bi gefensa da sanda, ta tambayi ina rana take fitowa. Aka gaya mata. Ta juyo wajena.

"Kai Gafiya, haka ka same ta? Ba ka ga yadda take kwance ba?"

Kafin in amsa ta ci gaba.

"Ita ta roƙi Baba da bakinta. Ta ce a sa ta a kudancin tsamiya, a juya fuskarta wajen duwatsunsu, tunda ƙafarta ba ta koma ba, ko idonta ya koma. Ina tsaye aka yi. Na ɗauka ka gani da idonka."

Kudancin tsamiya. A can na jingina gorar ruwana, a can na zauna na ci ƙuliƙulina da azahar. Kowa yana kallona, mata sun riga sun fara waƙa, ita kuma hannunta yana kan ƙunshin. Na ce, "Na gani, Gwaggo. Sabo ne ya ja hannuna." Na ɗauki diga na gyara ramin, na juya shi, muka kwantar da saiwoyi da ƙasa suna kallon kudu.

Da a ce a nan abin ya ƙare, da na ce kuskure ne, kuma kowa yana yi. Amma ruwan bai zo a ranar ba. Hanyar tsohon gari ta yi kusan kwana ashirin a buɗe. Kowace safiya nakan tashi da niyyar in je in ɗauko ta, sai in tuna dole in buɗe kabarin da aka rufe da addu'a, dole in tsaya gaban Gwaggo da Liman da 'yan matan da suka ji alfaharina in ce na yi ƙarya. Sai in ce gobe. Ranar nan jinkar ɗaki, ranar nan rijiyar mai unguwa, ranar nan matata ba ta jin daɗi. Ruwan sama na farko ya sauka, muka yi shuka. Na biyu ya sauka. Ran da na ɗauki diga da gaske, na tarar hanyar ta shige cikin ruwa kamar an yanke ta da wuƙa. Na hau wani dutse na hango kan tsamiyar, tsuntsaye farare sun cika shi. Kafin kaka ko shi ba a gani.

Gwaggo ta ƙara damina goma sha ɗaya. Kullum da yamma sai a kai mata tabarma bakin kabarin, ta zauna tana ba Inna labarin gari, wa ya haihu, wa ya yi yaji, gero ya yi ko bai yi ba, sannan ta yi mata muryar waƙar niƙan nan. Ta dasa shuwaka a wajen kai. Labarin Babila ma ya sauya a bakinta. Takan ce waɗanda suka koma gida bayan shekaru, tsofaffin cikinsu kuka suka yi, don abin da aka sake ginawa bai kai na da ba. "Mu ba mu da wurin komawa," in ji ta, "amma mun zo da tamu." In baƙi suka zo takan sa a kira ni, ta kama hannuna ta ce wannan shi ne Musan gidanmu. Nakan ce, "Gwaggo, don Allah ki daina haɗa ni da Annabi." Mutane su ce kai, yaron nan akwai kunya. Da ta rasu ni na haƙa nata, kusa da wancan, kamar yadda ta yi wasiyya. Likkafanin da aka sa mata ni na kawo, aka yi ta yaba mini.

Na taɓa ɗaukar masunci ya kai ni tsakiyar ruwan. Ya tsayar da filafili ya ce, "Baba, ina ne wurin?" Na duba gabas na duba yamma, ruwa ne kawai ko'ina iri ɗaya. Na ce ya mayar da ni.

Da aka kafa turakun nan sai labari ya kai wa jikar Gwaggo, 'yar ɗan nan nata soja, wadda take aikin jinya a Tudun Wada. Ta zo da mijinta, suka durƙusa suka gaishe ni. Ta ce sun sami wuri a maƙabartar cocinsu can wajen Doguwa, inda in ka tsaya kana ganin duwatsu da idonka. "Baba," in ji ta, "Iya ta sha gaya mana, kai ka kawo tsohuwa rabin hanya. Mu za mu ƙarasa da ita. So muke ka tsaya a kai in za a buɗe." Iya take kiran Gwaggo.

Na roƙi mijin ya ba mu wuri. Na gaya mata duka, tun daga dariyar har zuwa kwana ashirin ɗin.  Ba ta katse ni ba. Da na gama ta dubi wajen ruwa.

"Baba, da a ce ka faɗa a ranar, ana iya zuwa?"

"Ana iya zuwa, 'yata."

"Kuma Iya ba ta taɓa sani ba?"

"Ba ta sani ba."

Ta share fuskarta da bakin mayafi. Na jira ta zage ni, ko ta ce ta yafe, ko wanne ta yi da na ji sauƙi. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ce, "Za mu tafi da ƙunshin. Shekara goma sha ɗaya Iya tana yi masa hira, ba ni zan raba su ba."

Shekaranjiya suka tafi da ƙasusuwan Gwaggo da ƙunshin a bayan mota, har da reshen shuwakar. Ramuka biyu suna nan a buɗe a bayan gidana, gobe za a cike su a zuba siminti. Gwaggo ta isa duwatsu, ƙasar gindin tsamiya ma ta isa. Wadda aka kamo daga can ita kaɗai ce ba ta je ba.

Akwai tsamiya a tsakar gidana, ni na dasa ta shekarar da muka zo, jikokina sun ɗauka don kunu ne. Jiya bayan la'asar, da gidan ya yi shiru, na sake yin abin da na saba. Na tsaya a gabashinta, daidai inda zan sa diga, na taka zuwa kudancinta ina ƙirgawa. Ko da ƙafafun nan nawa na yanzu, da sanda da komai, taku huɗu ne.